Abyei da bashin da ke wuyan Khartoum da Juba

Duk wanda ya saba sauraron labaran duniya a rediyo ya san cewa da wuya a ambaci Abyei ba a ƙara da cewa yanki ne mai arzikin man fetur ba, har ta kai mutane da yawa sun ɗauka rijiyoyin mai ne kaɗai suka sa Sudan da Sudan ta Kudu suka ja daga a kan wannan ɗan yanki da ke tsakaninsu. Ni dai wannan bayani bai taɓa gamsar da ni ba. A shekarar 2009 wata kotun sasanci da ta zauna a birnin Hague ta zare manyan rijiyoyin man daga cikin taswirar Abyei ta bar su a hannun Khartoum, amma maimakon wutar ta lafa, kafin a cika shekara biyu tankokin yaƙi sun shiga garin, mutane fiye da 100,000 sun bar gidajensu. Da mai ne tushen rigimar, da wancan hukunci ya kashe bakin maganar. Abin da ya hana ta mutuwa, a ganina, shi ne kowace daga cikin gwamnatocin biyu tana da ƙabilar da ta zubar da jini dominta, kuma babu wadda za ta iya duban idon mutanenta ta ce musu ta sallama ƙasar.

Abyei wuri ne na laka da fadamu da ƙananan koguna, inda ruwa yake kwanciya har cikin rani bayan ya ƙafe a ƙasashen da ke arewa da shi. Babban kogin da ya ratsa shi Larabawa suna kiransa Bahr al-Arab, Dinka kuma suna kiransa Kiir. Mutanen da suka kafa ƙauyuka a wurin, suke noman dawa, suke kiwon shanu, suke binne iyayensu, su ne Dinka na reshen Ngok, waɗanda suka kasu gida tara a ƙarƙashin babban sarki guda. Daga arewa kuma, a wajajen Muglad da Babanusa, akwai Larabawan Missiriya, ɗaya daga cikin ƙabilun Baggara masu kiwon shanu da suka bazu tun daga Kogin Nilu har Tafkin Chadi, inda danginsu Larabawan Shuwa suke zaune a Borno. Missiriya suna yin damina a jigawar arewa domin gudun taɓo da ƙudan da ke addabar dabbobi, idan kaka ta wuce ruwa ya janye sai su gangaro kudu da garkunansu, su yi watanni a bakin kogunan Abyei, ba su juyawa sai hadari ya fara haɗuwa. Wannan tafiya ba zaɓi ba ce a wurinsu, domin makiyayin da aka tare wa hanyar kogi a watan Maris an riga an yanke wa shanunsa hukuncin kisa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane wannan zama, domin ya san gonar da manomi ke da ita da damina, wadda kuma bayan an kwashe amfani Bafulatani yake shigowa da shanu su ci kara su bar taki, kowa da lokacinsa da haƙƙinsa, ba tare da ɗaya ya ce ɗaya baƙo ne ba. Muddin hukuma ɗaya ce a kan mutanen biyu, ana iya rayuwa a haka shekaru aru-aru, da faɗa da shiri da biyan diyya. Matsala tana tasowa ne ranar da aka ce za a ja layi, wannan gefe ƙasa kaza, wancan gefe ƙasa kaza, domin iyakar ƙasa ba ta san damina da rani ba, mai ita ɗaya take nema.

Asalin ƙullin yana komawa ne ga shekarar 1905, lokacin da Turawan Ingila da ke mulkin Sudan suka cire gidajen Ngok tara daga lardin Bahr al-Ghazal na kudu suka mayar da su ƙarƙashin lardin Kordofan na arewa. Dalilinsu na gudanar da mulki ne kawai: koke-koke sun yi yawa game da hare-haren da ake kai wa Dinka, sai suka ga ya fi sauƙi a ce gwamna ɗaya ne yake sauraron ƙarar ɓangarorin biyu. Babu wanda ya tsaya ya auna ƙasar ko ya zana mata taswira a lokacin, domin babu wanda ya yi mafarkin cewa wata rana za a ɗauki wannan ƙaramin sauyi a matsayin hujjar mallakar ƙasa tsakanin gwamnatoci biyu masu sojoji. Shekarun da suka biyo baya ana yawan tuna su da zumuncin da ke tsakanin Deng Majok, babban sarkin Ngok, da Babo Nimr, shugaban Missiriya, waɗanda suka riƙa zama suna tsara hanyoyin shanu da mashaya, suna yanke diyya idan an yi kisa. Da Turawa suka zo shirin tafiya suka ba Deng Majok zaɓin komawa kudu, sai ya zaɓi zama a Kordofan, bisa lissafin cewa mutanensa za su fi tsira da ƙasarsu idan suna zaune a majalisa ɗaya da maƙwabtan da suke shigo musu kowace shekara. Saboda haka ranar 1 ga Janairun 1956, da Sudan ta samu 'yanci, Abyei yana arewa a kan takarda, alhali mutanensa ta fuskar harshe da jini da al'ada 'yan kudu ne.

Yaƙin basasa ne ya rusa wancan lissafi. A 1965, lokacin da yaƙin farko tsakanin arewa da kudu ya yi zafi, an ƙona 'yan Ngok 72 a garin Babanusa, a cikin ofishin 'yan sandan da suka shiga neman mafaka, kuma har yau wannan rana ba ta fita daga zukatan mutanen Abyei ba. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972, wadda ta kawo ƙarshen wancan yaƙi, ta buɗe ƙofar a yi ƙuri'ar raba-gardama a wurare irin Abyei domin mutanensu su zaɓi ɓangaren da suke so, amma gwamnatin Jafar Numeiri ba ta taɓa gudanar da ita ba. Da yaƙi na biyu ya ɓarke a 1983, matasan Ngok suna cikin na farko da suka shiga rundunar 'yan tawayen kudu ta SPLA da John Garang yake jagoranta, kuma da yawansu suka kai manyan muƙamai. Ita kuwa Khartoum, daga tsakiyar shekarun 1980, sai ta gano hanya mai arha ta yin yaƙi: ta raba wa samarin Baggara bindigogi, ta sake su a kan ƙauyukan Dinka, ganimar shanu da ƙasa ta zama ladan aikinsu. Waɗannan mayaƙa da aka sani da murahilin sun watsa yawancin ƙauyukan Ngok da ke arewacin kogi, daga baya kuma gwamnatin Umar al-Bashir ta shigar da irinsu cikin dakarun sa-kai na hukuma.

A nan ne bashin ya hau wuyan kowa. Khartoum ta yi shekara kusan ashirin tana amfani da 'ya'yan Missiriya a matsayin garkuwa ga rijiyoyin mai da layin dogo da iyakar kudu, kuma ta san cewa mutanen da ta koya wa yaƙi suna iya juya mata baki ranar da suka ga ta sayar da mashayarsu. SPLM kuma, wato ɓangaren siyasa na SPLA, tana da 'ya'yan Abyei a ƙoli, irin su Deng Alor wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, da Luka Biong Deng, da Janar Pieng Deng Kuol, mutanen da suka yi yaƙin neman 'yancin kudu da zaton cewa garinsu na cikin abin da ake nema. Ga kuma ƙa'idoji biyu da suka yi karo da juna. Khartoum tana riƙe da iyakar 1956, tana kafa hujja da matsayar da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ɗauka a Alƙahira a 1964 cewa a mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa. Juba kuma, wato babban birnin kudu, tana cewa ƙasa ta mutanenta ce, su ne za su faɗi inda suke so. Kowace hujja tana da ƙarfi a mazauninta, shi ya sa kowane ɓangare yake jin shi ne aka zalunta.

Masu shiga tsakani sun san ba za su iya kwance ƙullin ba, sai suka ɗaga shi zuwa gaba. Yarjejeniyar Abyei da aka sa wa hannu a Naivasha ta ƙasar Kenya a watan Mayun 2004, wadda ta shiga cikin babbar yarjejeniyar zaman lafiya ta Janairun 2005, ta bayyana yankin da cewa shi ne ƙasar gidajen Ngok tara da aka mayar Kordofan a 1905, ta tabbatar wa Missiriya da sauran makiyaya haƙƙinsu na kiwo da wucewa, ta kuma yi alkawarin ƙuri'ar raba-gardama a rana ɗaya da ta kudu. Har kuɗin mai an raba: kashi 50 cikin ɗari ga gwamnatin tsakiya, 42 ga gwamnatin kudu, sai bibbiyu ga Bahr al-Ghazal da Kordofan ta Yamma da Ngok da Missiriya. Tambayoyi biyu ne aka bari a buɗe, kuma su ne ainihin rigimar: ina ƙasar ta fara ina ta ƙare, kuma wa zai jefa ƙuri'a.

Tambaya ta farko an miƙa ta ga wani kwamitin shata iyaka mai ƙwararru biyar na waje, a ƙarƙashin tsohon jakadan Amurka Donald Petterson. Da suka bincika takardun Turawa ba su sami taswirar 1905 ba, domin babu ita, sai suka koma ga tarihin baka da wuraren tsoffin ƙauyuka da makabartu, suka raba jigawar da ke tsakanin ƙabilun biyu gida biyu, abin da ya sa rijiyoyin Heglig suka faɗa cikin Abyei. Al-Bashir ya yi watsi da rahoton da suka miƙa a watan Yulin 2005, yana cewa sun wuce gona da iri. Shekara uku yankin yana zaune babu hukuma tsayayya, sojojin ɓangarorin biyu suna hararar juna, har a watan Mayun 2008 faɗa ya ɓarke, aka ƙone garin Abyei, mutane kimanin 50,000 suka tsallake kogi. Bayan haka ne aka tafi Hague, inda a ranar 22 ga Yulin 2009 alƙalai suka rage faɗin yankin zuwa murabba'in kilomita kusan 10,500, suka fitar da Heglig da Bamboo, suka bar ƙaramar rijiyar Diffra kaɗai a ciki.

Gwamnatocin biyu sun ce sun karɓi hukuncin, kuma a zahiri kowace ta samu abin nunawa, Khartoum ta tsira da mai, SPLM ta samu yanki wanda kusan duk mazaunansa na dindindin Ngok ne. Waɗanda suka ga an bar su a rana su ne Missiriya. Sun fahimci cewa ƙanƙantar da yankin ta tabbatar da sakamakon ƙuri'a tun kafin a yi ta, kuma ranar da Abyei ya koma kudu, kogin da shanunsu suka dogara da shi zai kasance a wata ƙasa, a hannun sojojin da suka yi shekaru suna yaƙi da su. An faɗa musu cewa kotu ta kare haƙƙinsu na kiwo, amma sun riga sun ga yadda ake tare su a hanya ana neman su ajiye bindiga su biya haraji, kuma ba su da dalilin amincewa da alkawarin takarda. Ba ina wanke su ba ne daga ta'asar da mayaƙansu suka yi, wadda tarihi ya rubuta. Ina cewa ne tsoronsu na gaske ne, kuma Khartoum ta same shi a shirye ta yi amfani da shi.

Tambaya ta biyu ce ta kashe ƙuri'ar. Yarjejeniya ta ce masu zaɓe su ne 'yan Ngok da sauran 'yan Sudan mazauna yankin, ta bar wa hukumar zaɓe ta fayyace wane ne mazauni. Khartoum ta dage cewa makiyayin da yake yin watanni a wurin kowace shekara, kamar yadda kakansa ya yi, mazauni ne. Juba ta ce wanda gidansa yake Muglad baƙon rani ne, yana da haƙƙin ciyawa da ruwa amma ba shi da haƙƙin yanke makomar ƙasar. Tunda kowa ya san cewa ƙuri'ar za ta bi layin ƙabila ne, fayyace masu zaɓe daidai yake da bayyana wanda ya ci, don haka ko hukumar ba a iya kafawa ba. Ranar 9 ga Janairun 2011 kudu ta fara jefa ƙuri'arta, kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa, mutanen Abyei suna kallo. A watan Mayu aka kai wa ayarin sojojin Sudan hari a arewacin garin, kuma cikin kwana biyu Khartoum ta mamaye yankin da tankoki da jiragen sama, ta rusa hukumarsa, aka wawashe gidaje. Abin da ya hana ƙasashen biyu faɗawa cikin cikakken yaƙi ana saura makonni kaɗan kudu ta ayyana 'yancinta shi ne yarjejeniyar 20 ga Yuni a Addis Ababa, wadda ta ce kowa ya janye sojojinsa, da kuma ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1990 da ya kafa rundunar kiyaye zaman lafiya ta UNISFA da sojojin Habasha 4,200.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin a watan Afrilun 2012 sojojin Sudan ta Kudu suka kama Heglig, inda kusan rabin man da ya rage wa Sudan yake fitowa, suka riƙe shi kwanaki goma kafin matsin lambar duniya da martanin Khartoum su fitar da su. Ko a nan, inda maganar mai ta fito fili, hujjar da Juba ta kawo ta ƙabila ce: ta ce wurin ƙasar Dinka ce ta reshen Ruweng, wadda aka raba da masu ita. Irin wannan da'awa tana nan birjik a tsawon iyakar da ta kai kilomita 2,000, kamar yankin da ake kira Mil 14, wanda Turawa suka ware a 1924 domin shanun Larabawan Rizeigat su sha ruwa a ƙasar Dinka Malual, ya kuma zama abin jayayya tsakanin ƙasashe biyu.

Kwamitin Tarayyar Afirka da Thabo Mbeki ya jagoranta, wanda Janar Abdulsalami Abubakar da Pierre Buyoya na Burundi suke ciki, ya kawo shawara a watan Satumban 2012 cewa a yi ƙuri'ar a Oktoban 2013, masu zaman dindindin kaɗai su yi zaɓe, a kuma ba makiyaya kariyar doka da tallafin raya yankunansu. Juba ta amince, Khartoum ta ƙi. A ranar 4 ga Mayun 2013 wasu 'yan bindigar Missiriya suka tare ayarin da ke ɗauke da babban sarkin Ngok, Kuol Deng Kuol, ɗan Deng Majok, aka kashe shi a gaban sojojin kiyaye zaman lafiya, kuma da mutuwarsa sauran amanar da ta rage tsakanin gidajen sarautar biyu ta ƙare na tsawon shekaru. A Oktoba Ngok suka shirya ƙuri'arsu da kansu, fiye da kashi 99 suka zaɓi kudu, amma Khartoum da Tarayyar Afirka suka ƙi amincewa da ita, ita kanta Juba a lokacin ba ta rungume ta a hukumance ba, domin man da take sayarwa ta bututun Sudan yake bi zuwa teku. Bashin da ke wuyanta ya isa ya hana ta sallama Abyei, amma bai kai ya sa ta yi asarar kuɗin shigarta dominsa ba.

A nan nakan tuna Bakasi, ba don lamuran biyu iri ɗaya ba ne. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a Oktoban 2002 bisa yarjejeniyoyin Turawa, duk da cewa mafi yawan masuntan da ke zaune a wurin 'yan Najeriya ne, kuma duk da ƙorafin da Majalisar Dattawa ta yi, an kammala miƙa shi a Agustan 2008. Abuja ta iya haɗiye wannan ɗaci ne saboda kujerar mulkinta ba ta dogara da bindigogin mutanen Bakasi ba. Al-Bashir bai taɓa samun wannan sarari ba a kan Missiriya.

Abin da ya faru daga 2022 ya ƙara nuna cewa ƙabila ba wani dutse ba ce da ke zaune a wuri ɗaya. Mafi munin zubar da jini a Abyei cikin 'yan shekarun nan ba tsakanin Larabawa da Dinka aka yi shi ba, tsakanin Dinka Ngok ne da 'yan'uwansu Dinka Twic na jihar Warrap, a kan garin Agok da kasuwar Aneet da ke kudancin kogi. Wurin da Ngok suka gudu suka zauna a 2008 da 2011 ya bunƙasa ya zama gari mai kasuwa da haraji da asibiti, sai tambayar mai ƙasa ta taso a tsakanin mutane masu harshe ɗaya da suka yi yaƙi a sahu ɗaya. A ƙarshen Janairun 2024 an kashe mutane fiye da 50 cikin kwana biyu, har da sojan Ghana da na Pakistan daga cikin masu kiyaye zaman lafiya. Juba ta tura sojojinta kudancin yankin da sunan raba faɗa, abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha nanata cewa ya saɓa wa yarjejeniyar 2011. Ita ma rundunar UNISFA ta sauya fuska, domin bayan dangantakar Khartoum da Addis Ababa ta yi tsami a kan gonakin al-Fashaga da madatsar ruwan Nilu, an maye gurbin sojojin Habasha da na ƙasashe da dama a 2022, kuma wani janar ɗan Najeriya, Benjamin Sawyerr, ya riƙe ragamarta.

Ɗan abin da yake aiki a yankin ba daga manyan biranen biyu ya fito ba. A 2016 dattawan Ngok da na Missiriya suka amince da buɗe kasuwar Amiet a arewacin garin Abyei, wadda ta zama babbar mahadar fatake tsakanin ƙasashen biyu, kuma kafin shanu su gangaro a kowace shekara akan yi taro a tsara hanyoyi da mashaya da yadda za a biya diyya, kusan irin aikin da Deng Majok da Babo Nimr suke yi. Wannan bai hana kai hare-hare ba, kamar na ƙauyen Kolom a Janairun 2020 inda aka kashe mutane sama da 30, kuma bai taɓa maganar wanda ya mallaki ƙasar ba. Hukumar haɗin gwiwa da rundunar 'yan sandan da aka yi alkawari a 2011 ba a kafa su ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF, waɗanda samarin Missiriya da yawa suka shiga, tattaunawa kan makomar yankin ta tsaya cak, dubban 'yan gudun hijira daga arewa suna bi ta Amiet zuwa kudu, kuma hanyoyin da shanu suka saba bi daga Muglad da Babanusa sun ratsa ta fagen daga.